Jakar da Inna Ta Ɗinke

Unguwar Sarki, Kaduna.
6 ga Agusta.

Zuwa ga ƙanena Hamisu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da abokan aikinka. Mu nan kowa lafiya, sai godiyar Allah. Inna tana nan ƙalau, gwiwarta ce kawai ke yi mata ciwo in an yi ruwa. Matata Hafiza tana gaishe ka.

Tunda waya ba ta shiga inda aka kai ku, na koma ga takarda. Malam Gambo direba, maƙwabcin Inna a Hayin Banki, wanda ke kai muku kayan abinci duk bayan kwana tara, ya yarda ya riƙa ɗaukar mana saƙo.

Ranar da za ka koma bakin aiki ka ambata, cikin raha kamar yadda ka saba, cewa jakarka ta taimakon gaggawa ta sha ruwa da kuka ƙetare rafi, kana jiran a ba ka wata. Maganar ta zauna mini a rai. Na haɗa maka wata. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina koyar da aikin jinya, don haka ka yi haƙuri in na yi maka magana kamar ɗalibi.

Abu mafi muhimmanci a ciki shi ne maɗaurin tsayar da jini, baƙar ɗamara mai 'yar sanda. In harsashi ya sami hannu ko ƙafa, jini yana tsartuwa, ka zura shi can sama da raunin, ba a kan gaɓa ba, ka ja iyakar ƙarfinka, ka murɗa sandar har jinin ya tsaya. Zai yi zafi ƙwarai. Kada ka sassauta saboda zafi. Akwai alƙalami a gefe, ka rubuta lokacin da ka ɗaura, likita zai nema. Akwai naɗin auduga biyu na cusawa cikin rauni a inda maɗauri ba ya kamawa, kamar hammata da matsematsi. Ana cusawa har ramin ya cika, a danne da ƙarfi. Sai bandeji mai matsewa, da filasta biyu masu faɗi na rufe ramin ƙirji, da almakashi, da safar hannu.

Na cire kowane abu daga kwalinsa, na jera su yadda yatsu za su gane su ko da ido a rufe. Ka rataya jakar a gaban ɗamararka, inda hannun dama da na hagu duk za su kai. Kullum bayan sallar asuba ka fito da maɗaurin, ka gwada a cinyarka, ka gwada a hannu da hannu ɗaya, har ya zama ba ka tunani.

Zan bar saƙon a wurin Inna da safe in zan wuce makaranta, Malam Gambo zai karɓa a can.

Allah Ya tsare ku, Ya dawo da ku lafiya.

Yayanka,
Datti Yahya.

*

Daga inda ka sani.
9 ga Agusta.

Yaya Datti,

Wa alaikumus salam. Gaisuwa mai tarin yawa. Yaya Inna, yaya Anti Hafiza, yaya ɗalibai masu shan wahala a hannunka? Mu nan lafiya lau, sai sauro. Sauron dajin nan in ya cije ka sai ka duba ko ya bar maka lambar waya.

Takardarka ta iso. Na karanta wa Kofur Timothy, ɗan Zonkwa, wanda tantinmu ɗaya. Ya ce ko kwamanda bai taɓa yi mana bayani mai tsawo haka ba, ya ce in tambaye ka ko akwai jarrabawa a ƙarshen zango.

Na gode ƙwarai, Yaya. Wallahi na ji daɗi. Sai dai abubuwan da ka lissafa ban ga ko ɗaya ba, hannu kawai na sa na latsa na ji su. Ka san Inna da saƙon mota. Shekara nawa tana aika buhun gari Katsina, ba a taɓa cewa ko mudu ɗaya ya zube ba. Malam Gambo ya ce a gabansa ta zazzage jakar, ta ce wane irin sakaci ne a aika kaya tsirara cikin damina. Ta ƙulle kowane abu a ledarsa, ta mayar, ta ɗauko basilla da zaren buhu ta ɗinke bakin jakar ɗinki biyu, sannan ta naɗe ta a leda uku. Kowane ƙulli sai da ta tofa masa addu'a. Ta ce a gaya wa Auta kada ya buɗe sai ranar buƙata, Allah kuma kada Ya kawo ranar.

To ka ji. Na rataya ta a gaba kamar yadda ka ce, kai ma an bi umarninka. Timothy ya ce layar Hausawa ta yi ƙiba.

Ana raɗe-raɗin kafin ƙarshen wata za mu matsa ciki. Ba a faɗi rana ba. A sa mu a addu'a.

Ƙaninka,
Hamisu.

*

Unguwar Sarki, Kaduna.
15 ga Agusta.

Zuwa ga Hamisu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Kowa yana gaishe ka.

Na karanta takardarka sau uku. Laifina ne da ban miƙa wa Malam Gambo jakar hannu da hannu ba. Ina roƙonka, da zarar ka gama karanta wannan, ka sa wuƙa ka yanke ɗinkin, ka cire ledojin duka, ka jera kayan yadda na bayyana maka. Jakar da ke jikinka yanzu ba za ta amfane ka ba. In babbar jijiyar cinya ta tsinke, mutum yana iya ƙarewa cikin minti uku zuwa biyar, kuma tun kafin nan hannunsa ya fara rawa, idonsa ya fara duhu.

Na san za ka ce Yaya ya cika tsanani. Saboda haka zan gaya maka abin da ban taɓa gaya wa kowa ba.

Kana da shekara shida lokacin da Baba ya rasu, ni ina da sha tara. An ce muku mota ta buge shi a kan keke a Kawo, ya cika nan take. Ni na faɗi haka, kuma ba gaskiya ba ne. Ina bayansa a ƙafa, ɗauke da katakon da ya saya. Ƙarfen motar ya yanke shi a cinya. Da hankalinsa, yana magana. Ya ce in ɗauke keken daga hanya kada a taka. Mutane suka taru, wani ya kawo ruwa, wani yana yi masa fifita da kwali. Na cire rigata na ɗora a kan raunin, a hankali, don kada in ji masa ciwo. Da mai taksi ya tsaya muka sa shi, bai kai asibiti ba.

Sai da na shiga jami'a, a aji biyu, wani malami ya nuna mana yadda ake ɗaure cinya da tsumma da sanda. Darasin bai kai minti goma ba. Rawanin Baba yana kansa a ranar, katako yana hannuna. Na fita daga ajin, ban koma ba sai washegari.

Na yarda kwana ya ƙare ne, ban ja da hukuncin Allah ba. Amma an umarce mu da yin abin da za mu iya, ni kuma a ranar ban san abin da zan iya ba. Kai ka sani, kayan kuma suna jikinka. Ka yanke zaren.

Wassalam.

Yayanka,
Datti.

*

18 ga Agusta.

Yaya,

Salamu alaikum. Ina gaisuwa.

Na karanta. Na je bayan motoci na zauna ni kaɗai har aka busa ƙahon abinci. Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa ya huta. Kai kuma Allah Ya saka maka. Shekara ashirin da biyu kana ɗauke da wannan kai kaɗai, mu muna cewa Yaya ba ya dariya.

Na ɗauko wuƙa, Yaya. Na sa bakinta a kan zaren. Na kasa.

Kai ka yi karatu, ni ban yi nisa ba, amma ka ji nawa. Duk wanda ke nan akwai abin da yake riƙe da shi. Timothy yana da hoton 'yarsa a cikin hular kwano. Wani zoben matarsa. Ni abin da nake da shi ɗinkin nan ne. In muka fita sintiri ina taɓa shi, ina jin ƙullin da ta yi da hannunta. Kuma ta ce kada in buɗe. Ban taɓa tsallake maganarta ba, ba zan fara ba a satin da za mu shiga daji. In na yanke, wani abu ya same ni, da me zan tuna?

Ita ta ƙulla, ita za ta kwance. In ta ce in yanke, kafin a rufe baki na yanke.

Na san abin da nake nema a wurinka. Kai ɗan fari ne, ko sunanka ba ta faɗa, in ka shigo gida sai ta tambayi bango ko baƙo ya ci abinci. Tunda nake ban taɓa ganin kun yi zancen da ya wuce gaisuwa ba. Amma babu wanda zai je sai kai.

An ce mu zauna cikin shiri. Zuwan Malam Gambo na gaba wataƙila shi ne na ƙarshe da zai same mu a nan.

Ka gaida Anti. Ka gaida Inna, ka ce Auta yana cin abinci.

Hamisu.

*

Hayin Banki, Kaduna.
24 ga Agusta.

Zuwa ga Hamisu,

Assalamu alaikum. Ina rubuta wannan a tsakar gidan Inna, Malam Gambo yana waje yana duba tayoyi, saboda haka zan taƙaita gaisuwa.

Kwana huɗu ina shirya abin da zan ce mata, ban sami jimla ɗaya da ta yi mini ba. Daga ƙarshe na bar neman magana. Na sayi wata jaka irin taka, na cika ta da tsummoki da tsohuwar ɗamara. Jiya bayan la'asar muka zo da Hafiza, na ajiye jakar a gaban Inna, na roƙe ta ta shirya ta kamar yadda ta shirya taka.

Ba ta dube ni ba. Ta ce wa Hafiza, "Ki tambayi mijinki, wani sojan ya haifa ban sani ba?"

Amma ta ɗauko basilla. Ka san hannunta. Ta ƙulle, ta ɗinke, ta naɗe, ta turo mini da ƙafa.

Na sa Hafiza ta kawo ruwan kuɓewar da aka jiƙa don miya. Na ce, "Inna, jini haka yake da santsi. Ki tsoma hannun dama. Na hagu ki ɓoye a zani, an harbe shi. Ki buɗe jakar ki ciro ɗamarar, ni zan ƙirga."

Ta ce wa Hafiza, "Boko ya gama da shi."

Hafiza ta ce, "Inna, ki gwada mana, ko tsoro kike ji?"

Sai ta tsoma. Na fara ƙirga a bayyane. Ledar farko ta zame mata sau biyu, ta kama da haƙori ta yage. Da na kai sittin tana kan ta biyu, tana dariya tana zagin mai ledar. Da na kai ɗari ta daina dariya. Ta isa ga ɗinkin, ta sa farce, zaren bai motsa ba. Ta danne jakar da gwiwa, ta ciza, ta ja. Ɗinkinta ne, ka san ba ya saki. Na kai ɗari da tamanin na daina ƙirga.

Ta ce, "Ci gaba mana." Ni ta ce wa, ba Hafiza ba.

Na ce, "Babu sauran abin ƙirgawa, Inna. A nan jinin yake ƙarewa."

Ta daɗe tana kallon hannunta. Sannan ta ce, "Haka Malam ya yi." Baba take nufi, kuma ba tambaya ta yi ba. Ta ce, "Ni na wanke wandonka ranar. Wanda ya cika nan take ba ya jiƙa mutum har gwiwa. Na ga ba ka so a sani, na bar ka."

Hafiza ta tashi ta shiga madafi, ta daɗe ba ta fito ba.

Yau da safe Inna ta aika a kira ni, ta ce in zo da takarda. Ga maganarta, ban ƙara ba ban rage ba:

"Auta, ni ce. Ina gaishe ka, ina sa maka albarka. Jakar nan ka sa wuƙa ka farke ta yanzu, ba anjima ba. Ledojin ka zuba shara. Addu'ar da na yi ba a zare take ba, tana wurin Wanda na roƙa, wuƙa ba ta kai can. Abin da yayanka ya ce ka riƙa yi da asuba, ka yi. In na ji ka bar ta a ɗinke, ranar da ka dawo a gaban matan layi zan tare ka, da kakinka da komai. Ka ci abinci. Allah Ya kai ku, Ya dawo da ku."

Ta ce ba za ka yarda ba sai ka ga shaida, don haka ta dangwala yatsa a ƙasan takardar nan. Shuɗin tawada ne, koren kuma ban san ko kuɓewa ce ba.

Malam Gambo yana yi mini hon. Allah Ya sa ta same ka.

Yayanka,
Datti.

*

13 ga Satumba.

Zuwa ga Yaya Datti,

Ina gaishe ka da sunan Allah. Ina gaida Mama da madam. Ni ne Kofur Timothy, abokin Hamisu. Ka yi haƙuri da rubutuna, Hausar baki na fi iyawa.

Kada gabanka ya faɗi. Hamisu yana da rai. Na fara da wannan domin na san sati uku ba ku ji komai ba.

Takardarka ta same mu muna loda kaya a mota. Da Malam Gambo ya ƙara awa ɗaya a hanya, da ya tarar da fili. Hamisu ya karanta a tsaye, ya ga yatsan Mama, ya ce, "Timo, ba ni wuƙarka." A bayan mota ya farke jakar, muna tafiya ana jijjiga. Leda goma sha ɗaya muka ƙirga. A can ƙasa muka tarar Mama ta cusa ƙuli-ƙuli da man zafi. Ƙulin bai kai mahaɗa ta gaba ba, samari sun cinye, sun ce a gode mata.

Daga ranar kullum da safe yana ɗaure cinya yana kwancewa. Muna yi masa tsiya, muna kiransa Dakta. Bayan kwana uku sai ga mu a layi muna cewa Dakta koya mana. Har ƙirga mana yake yi, ya ce haka ake yi a gidansu.

Ranar Talatar da ta wuce, da hantsi, aka yi mana kwanton ɓauna a bakin wani kwari. Ba zan faɗi da yawa ba. Harsashi ya same shi a cinyar hagu. Ina nesa da shi kamar taku ashirin, wuta ba ta bar ni in ɗaga kai ba. Ina ganin jinin yana tsalle. Na yi ta kiran sunansa, bai amsa ba, na ce shi ke nan. Ashe aiki yake yi. Kafin in rarrafa in kai wurinsa ya ɗaure, ya murɗa, jinin ya tsaya. Ya miƙo mini alƙalami, ya ce, "Rubuta lokaci, in ba haka ba Yaya zai kayar da ni." Na rubuta goma da minti ashirin.

Mun fitar da shi kafin azahar. Likitanmu ya yi masa aiki, ya ce ƙashi bai karye ba. Ranar Alhamis za a kawo shi asibitin sojoji a Kaduna. Ya ce in gaya maka kai ka fara zuwa, ka gan shi, kafin a kawo Mama.

Ni ina nan, aiki bai ƙare ba. Ku sa mu a addu'a, mu ma muna yi muku. Allah Ya albarkaci gidanku.

Naka,
Kofur Timothy Bulus.

*

Alhamis, ƙarfe goma sha ɗaya na safe.

Hamisu,

Assalamu alaikum. Na zo na tarar kana barci, na hana a tashe ka. Zan bar wannan a ƙarƙashin kofinka.

Na ga likitan, ya nuna mini hoton ƙafar. Na taɓa yatsun ƙafar biyar, da ɗumi, jini yana kaiwa. Za ka taka, in sha Allahu, ko da za a fara da sanda.

Na roƙi mai jinya ta ɗaga mini mayafi na ga shaidar da maɗaurin ya bari. Can sama, inda ya kamata, ba a kan gaɓa ba. Ka ɗaura daidai.

Zan dawo da Inna ƙarfe huɗu. Ka sa a aske maka gemun nan kafin ta gani.

Yayanka,
Datti.